Tsintsiyar bututun hayaƙi

 

Ni malamin yaƙi da jahilci ne cikin wani ƙauye na ƙasar Arewa, tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. Karatuna na lakwal bai wuce aji 6 ba, daga nan na komo gona. Yau shekara 9 ke nan ina koya ma manya baƙi da lissafi, maza da dare, mata da la'asar. Malamai sun saba rubuto ma jarida labarin abin da sunka yi ya yi kyau. Ni labarin kunyata na kawo maku. Saura ƙiris in ƙone rumbun gidanmu da hannuna, kuma dalilin bai wuce tsintsiya ba. Na ga in na ɓoye, wani na iya faɗawa ramin da na faɗa.

Duk wanda ya tashi Arewa ya san ɗakin girki. In ka ɗaga kai sai ka ga azara baƙa ƙirin, kunkunniya na reto kamar gemun bunsuru. Mu maza muna leƙawa mu fito da gudu muna murza ido. Mata ko ciki suke wuni. Innata ta yi shekara fiye da 40 tana durƙuso gaban duwatsu uku, yau ba ta iya zura zare ga allura. Ban taɓa ɗaukar abin da nauyi ba sai cikin ɗarin 2023, sa'ad da ɗiyata ƙarama ta kamu da ciwon haƙarƙari. Kwana uku munka yi likita. Ran da za a sallame mu majo ya kira ni gefe, ya ce: "Malam, ina uwarta ke girki, kuma ina yarinyar take in ana girkin?" Na ce cikin ɗaki, yarinya ko tana goye. Ya ce: "To, hayaƙin da uwa ta shaƙa, ita ma shi take shaƙa, ga shi ƙirjinta bai yi ƙwari ba." Shi ne ya faɗa mani lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya: cikin shekara ta 2020 kaɗai hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya, cikinsu yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun fi dubu 237. Na komo gida maganar na yi mani yawo ga kai.

Zancen gyaran murhu ba baƙo ba ne ƙasarmu. Bayan farin 1973 da na 1984 dazuzzuka sunka ja da baya, icce ya yi nisa. Cikin 1984 anka yi babban taro Maraɗi bisa yaƙi da hamada. Cikin shekarun nan ne iyayenmu sunka san murhu Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙera ke yi, da murhu Albarka, na laka. Su biyun suna rage cin icce, amma ba su da bututu, hayaƙi cikin ɗaki yake tsayawa. Irin mai bututun ma an gwada shi ƙasashen Sahel tun farkon shekarun 1980, wurare da yawa anka bar shi don tsadar gini da wuyar kulawa. Da na san wannan tun farko, da na tambayi kaina ko wace kulawa ce ta gagari mutane.

Cikin watan Janairu na 2024 wani furoje ya kira malaman yaƙi da jahilci horo na kwana biyar Dogon Dutsi. Nan anka gwada mana ginin murhu mai bututu. Da na komo ban ko huta ba, na kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, na bar ta ta kwana uku. Na gina murhu mai bakin tukunya biyu da ƙofar icce ɗaya. Daga baya na kafa bututun kwano, faɗin bakinshi santimeta 10, tsawonshi mita 2 da rabi, na lulluɓe shi da laka har ya fasa soro, na aza mashi ƴar hula don ruwan sama. Jika 6 na kashe, kuɗɗin wake ne na saida.

Ran da anka fara hura shi maƙwabta sunka cika gidanmu. Hayaƙi ya miƙe bisa soro ya tafi abinshi, ɗaki wasai. Inna ta daɗe tsaye tana kallo, ta ce: "Ikon Allah, yau na ga hayaƙi ya san hanya." Ni ko kaina ya yi girma. Na kai zancen aji, na zana murhun bisa allo, munka rubuta kalmomin "murhu", "hayaƙi", "bututu". Kafin bazara mata 7 cikin ɗalibaina sun sa an gina masu, wata ma akuyarta ta saida. Na tsaya gabansu na bugi ƙirji na ce: "In ya ɓaci, ku zo gare ni." Wajen horo an ce mana a riƙa share bututun lokaci lokaci. Layi ɗaya ne cikin kayena. Ban tambayi da mi za a share ba, ban tambayi kwana nawa nawa ba, kuma ban faɗa ma matan ba.

Kun tuna damanar 2024. An yi ruwan da tsofaffi sunka ce sun daɗe ba su ga irinshi ba, gidaje sunka faɗi ko'ina cikin ƙasa, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Wata uku babu busasshen icce garinmu. Sabara da geza da yara ke sarowa ɗanyu ne, na ajiye ko ya sha ruwa. Mai ɗakina ta riƙa haɗawa da kara da ƙwallon goruba, in wuta ta ƙi kamawa ta sa leda. Duk gari haka ake yi.

Wajen kaka murhu ya fara canza hali. Wuta ba ta ja kamar da. Hayaƙi ya riƙa komowa ta ƙofar icce. Wani baƙin ruwa mai wari ya riƙa tsattsafowa daga gindin bututun, mai danƙo kamar kwalta. Wata safiya mai ɗakina ta ce: "Malam, murhunka fa ya fara tari." Na ce iska ce ta juya. Bayan kwana biyu ta sake magana, na ce iccenta ne ba shi da kyau. Karo na uku na ce ita ce ba ta iya hura shi ba. Ta yi shiru, ta kwance yarinya daga bayanta ta miƙa ma Inna, ta koma cikin hayaƙi. Wannan shirun ne ya hau da ni bisa soro.

Na samu dogon kara na ɗaura mashi ƴar tsintsiyar laushi, irin wadda ake share gado da ita. Na cire hula, na zura, na yi sama da ƙasa kamar sau goma. Ta shiga salin alin, ta fito salin alin, da ɗan baƙi ga bakinta. Na sauko na ce: "An share, tas yake." Ban leƙa ba. Da dare anka hura wuta, hayaƙi ya cika ɗaki kamar jiya.

Sai na ce ashe ƙanƙanta tsintsiyar ta yi, bari in yi babba. Na naɗe tsohon buhun algarara bisa kan gora har ya yi kamar kan yaro. Na tura da ƙarfi, ya shiga kamu ɗaya ya tsaya. Na danna da duk nauyina, ya ƙara nutsawa. Da na zo jawowa sai gora ta fito ita kaɗai, buhu ya zauna ciki daram. Da can hayaƙi na samun ƴar hanya, yanzu na toshe ta gaba ɗaya. Kwana uku mai ɗakina na girki tsakar gida bisa duwatsu uku, duk mai wucewa na gani ta kan darni. Inna ba ta ce komi ba sai: "Duwatsun nan dai ba su taɓa neman buhu ba."

Kunya ce ta sa ban tafi wurin kowa ba. Malamin da ya ce a zo gare shi, wa za shi tambaya? Ran na huɗu da marece wata dabara ta zo mani: tun da buhu ne, wuta ta cinye shi. Na hau na tsiyaya kananzir ta sama, na sauko na cika murhu da busasshen kara, na ƙyasta ashana. Da farko hayaƙi ya turnuƙe. Can sai na ji wani ruri kamar babbar mota na hawan tudu. Bututu ya ɗauki rawa, laka na tsagewa tana zubowa. Ƙanena ya yi ihu daga waje. Na fito na ga harshen wuta ya fi tsawon mutum bisa soro, tartsatsi na tashi kamar fara.

Lokacin watan Nuwamba ne, kun san abin da ke bisa kowane soro na Arewa: harawa. Tawa tana nan jibge taku uku daga bututun, rumbun hatsi ko yana bayan ɗakin da hularshi ta shuci. Harawa ta kama nan take. Allah ya sa maza sun komo daga gona. Wasu sunka hau suna turo damman ƙasa, wasu na watsa rairayi, mata na miƙo ruwa daga randa suna jiƙa hular rumbu. Wani dattijo, maƙerin garinmu, shi ya shiga ɗakin ya zuba ƙasa cikin murhu, ya toshe ƙofar icce da tubali. Da iska ta daina shiga sai rurin ya kwanta. Dami 11 na harawa sunka tafi, abincin ragunana na rani. Rumbu ya tsira, ba wanda ya ƙone. Mutane sunka watse suna "Allah shi kiyaye gaba". Ni ko a daren nan ban runtsa ba. Garin gyaran gira na so in rasa ido.

Da safe na tafi maƙera. Maƙerin nan sa'an mahaifina ne, Baba nike ce mashi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi godiya. Bai ɗago daga zugazugi ba ya ce: "Malam ƙarami, kai da ke koya ma mutane awo, ka auna bakin bututun kafin ka sa mashi buhu?" Na ce a'a, Baba. Ya ce: "To da ka share da farko, ka leƙa?" Na ce a'a. Ya ce: "Mu tafi mu gani."

Munka fasa laka munka zare bututun. Ya karkace, ɗinkin kwanon ya buɗe, cikinshi ya kumbura da wani baƙin abu mai rami rami kamar ƙonanniyar saƙar zuma. Baba ya ce ba buhu ba ne ya yi rurin jiya, wannan ne. Ya bayyana mani yadda abin yake. Ɗanyen icce ba shi ci da kyau, rabi wuta rabi tururi. Hayaƙin nan mai nauyi in ya hau ya tarar da kwano da sanyi, sai shi yi gumi shi lafe ga jikinshi, kamar yadda tururi ke lafewa ga marfin tukunya. Da farko gari ne mai laushi. In an bar shi sai shi zama ɓawo. In an ƙara barinshi sai shi daskare shi yi ƙyalli kamar kwalta. Leda na ƙara mashi danƙo. Kuma duk wannan abin makamashi ne, ran da wuta mai ƙarfi ta lashe shi sai shi kama.

Sa'an nan ya dube ni ya ce: "Naka ya ƙare. Na matan nan bakwai fa? Su ma da harawa bisa soronsu." Gabana ya faɗi. Wallahi har lokacin kunyata kaɗai nike tunani.

A ranar munka tafi gidan ta farko, wadda anka gina ma nata mako ɗaya da nawa. Munka yi sallama da mai gidan, na faɗi abin da ya kawo mu. Da munka cire hular bututun na sa ma'aunin aji na auna. Ɓawon ya kai santimeta 2 ta kowane gefe. Ramin da ke 10 ya koma 6. Nan na gane abin da ƴar tsintsiyata ta yi: ta bi tsakiyar ramin ta wuce, ko gaisawa ba ta yi da bango ba. Buhu kuwa na auna shi da ido bisa bakin bututun na waje, alhali ciki ya tsuke.

Baba ya ce in kawo takarda. Na yago fallen kaye, ya kankare bakin bututun da wuƙa har kwano ya fito, ya dafa takardar bisa bakin. Kunkunniya ta buga mana zobe baƙi sak, kamar baƙin "o" da nike koya ma ƴan aji makon farko. Ya ce: "Ga awonka. Da shi za mu yi aiki."

Ga yadda ya yi tsintsiyar. Ya yanko ƴan faya-fayen kwano biyu, faɗin kowane santimeta 5, ya huda tsakiyarsu. Ya samo tsinkayen kaba masu ƙarfi, irin na tsintsiyar tsakar gida, ya jera su tsakanin faya-fayen suna kallon kowane gefe. Ya zura ƙarfe ta hudar ya matse su tam, ya lanƙwasa zobe sama, zobe ƙasa. Sa'an nan ya aza abin bisa takardar ya datse tsinkayen da almakashi, ya bar su sun ɗara baƙin zoben da kaɗan, abin da bai wuce kaurin tsinken ashana ba ta kowane gefe. Na ce Baba, mi zai hana mu sa waya, ai ta fi kaba ƙarfi? Ya ce kwanon nan siriri ne, waya na kankare farin da ke kare shi, damana ɗaya tsatsa ta huda shi. Na ce zobe biyu fa? Ya yi dariya ya ce: "Don irinka. Igiya sama, igiya ƙasa. In ta maƙale, wanda ke ƙasa shi ja, ko wanda ke sama shi ja. Ba a sa abu rami sai an san ta inda za shi fito."

Don ɓawon ya yi kauri, ya yi wata ƴar ƙarama ta santimeta 7, munka fara buɗe hanya da ita, muna ƙwanƙwasa jikin bututun da sanda a hankali. Sa'an nan munka sa ta daidai. Ina bisa soro, ƙanena na ƙasa. Tana shiga na ji bambanci ga hannuna. Ba ta faɗawa da kanta, ba ta kuma gardama, tana tafiya tana ƙara ƙurrr ta kowane gefe. Munka yi sama da ƙasa sau shida. Abin da ya zubo ya cika tiya har da tozo. Baba ya karɓi madubin matar gidan ya kara ga gindin bututun ya ce in duba. Na ga sama cikin madubi, zobe fari cikakke. Da anka hura wuta ta ja fuu, matar ta rangaɗa guɗa.

Kada ku ce daga nan na yi hankali. Washegari na saɓa tsintsiyar ga kafaɗa na nufi gida na biyu ina taƙama. Na zura ta, sai ta sulale har ƙasa ba ta taɓa komi ba. Ashe wannan bututun wani mai walda ne ya yi shi Dogon Dutsi, faɗinshi 12. Cikin gidajen 7, huɗu nasu 10 ne, biyu 12, ɗaya 8. Dole na koma da kayena gida gida ina buga zobe, ina rubuta sunan mai shi ƙarƙashi. Baba ya yi tsintsiya iri uku. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Ko murhu Mai Sauƙi ai da lambar tukunya ake sayenshi, in ka aza ƙaramar tukunya bisa babban murhu wuta ta gefe take gudu.

Gida na ƙarshe na makara. Ita ce wadda ta saida akuya. Tun kafin gobarata hayaƙi ya dame ta, ta ji nauyin ta faɗa mani, ta sa ɗanta ya rushe murhun. Bututun na tarar an yi mazurarin ruwa da shi. Na ba ta haƙuri. Ta ce: "Malam, ba komi, amma ni na koma ma duwatsuna." Har yau ba ta sake ginawa ba, kuma ban ga laifinta ba. Tana zuwa aji, ta iya rubuta wasiƙa yanzu. Duk ran da na ga tana murza ido sai in tuna layin nan ɗaya na cikin kayena.

Ran da aji ya koma na tsaya gaban mata na faɗi duk abin da na yi, har da kananzir. Sun yi dariya har da hawaye, na bar su sunka gama. Sa'an nan munka mai da abin darasin lissafi. Na zana ɗaki 10 tsaye, 10 kwance bisa allo, sunka ƙirga 100. Na shafe layi ɗaya ta kowane gefe, saura 8 sau 8, wato 64. Na ƙara shafe ɗaya, saura 6 sau 6, wato 36. Ko rami mai kusurwa ne ko kewayayye, rabon ɗaya ne. Ɓawon santimeta 1 kaɗai na cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar hayaƙi. Na santimeta 2 na cinye kusan kashi biyu cikin uku. Wata tsohuwa da ta daɗe tana faɗa da "sau" ta ce: "Yau na ga amfanin abin nan."

To ƴan'uwa, ga abin da na koya da harawa dami 11, ku karɓa kyauta.

1. Ku auna bakin bututunku ta ciki kafin komi. In babu ma'auni, takarda ta isa. Kowane bututu da tsintsiyarshi, aro sai in awon ɗaya ne.

2. Ku yi shara da safe, murhu da sanyi, kafin a hura wuta. A fitar da tukwane da abinci, a rufe bakunan murhu, a aza tasa ƙarƙashin bututu.

3. Mutum biyu ke aikin, igiya biyu. In ɓawo ya yi kauri a fara da ƙaramar tsintsiya. In ta cije kada a danna, a ja baya.

4. In an gama a duba da madubi ko da fitilar salula. Wanda bai ga zoben haske cikakke ba, kada shi ce ya share.

5. Mu nan muna yi sau ɗaya kowane wata, da damana kuwa kowane mako biyu. In ɓawo ya kai kaurin ƙwayar dawa, lokaci ya yi. In an yi tafiya an bar murhu, a duba kafin a hura, don zanzaro da tsuntsaye na son gina ɗaki ciki.

6. In cikin ya daskare yana ƙyalli, tsintsiya ba ta iya mashi. A zare bututun a kai ma maƙeri, ko a sake sabo. Kada a ce za a ƙone shi da wuta.

7. A tanadi busasshen icce ƙarƙashin rumfa tun kafin ruwa shi sauka. A bar hura wuta da leda. A nisantar da harawa da kara daga bututu.

8. In bututu ya kama, a zuba ƙasa cikin murhu, a toshe ƙofar icce, a fitar da yara, a kira mutane.

9. Mai shara shi ɗaure hanci da baki da ƙyalle, in ya gama shi yi wanka da sabulu. Aikin manya ne, ba na yara ba.

Akwai kuma abin da majo ya ƙara mani da na koma na ba shi labari. Bututun da ya toshe ya fi rashin bututu haɗari, don mai shi ya saki jiki ya rufe ƙofa da taga. Cikin hayaƙi da garwashi akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana fara ma mutum da ciwon kai da jiri, tana iya kashe mai barci. In sanyi ya shigo, kada a kwana da wuta cikin rufaffen ɗaki.

Na ɗauka mu kaɗai ke wagga wahala, ashe ƙasashen sanyi sun riga mu. Can sharar bututu sana'a ce mai zaman kanta. A Faransa doka ta tilasta ma mai murhun icce shi sa a share mashi bututu aƙalla sau ɗaya cikin shekara. A Ingila da can ƙananan yara ake turawa cikin bututun gidaje su kankare da hannu, da yawa sunka halaka, sai dokar 1875 ta kawo ƙarshen abin. Masu injuna da kuɗɗi ma ba su samu bututun da ke share kanshi ba, balle mu.

Na sake gina nawa cikin watan Disamba na 2024, Baba ya yi mani sabon bututu, na biya da kaji biyu da ɗan canji. Tsintsiyar tana rataye ga ƙusa bayan ƙofar ɗakin girki, takardar zoben tana cikin kayena. Ranar shara mai ɗakina ce ke riƙe igiyar ƙasa, ita ce kuma ke duba madubi. Sai ta ce ya yi nike saukowa. Yarinyar ta yi wayo, tana gudu tsakar gida. Inna dai ta ajiye duwatsunta uku gindin darni, ta ce kada wanda ya taɓa su. Ban ce mata komi ba.

Ina roƙon ƴan'uwana malaman yaƙi da jahilci na Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dumega da sauran garuruwan Arewa: in kun kai ma mutane sabon abu, ku kai masu har da yadda ake kula da shi. In an ba ku layi ɗaya wajen horo, ku ɗaga hannu ku yi tambaya, matambayi ba shi ɓata. Wanda ke da wata dabara da ta fi tamu, shi rubuto ma jarida mu ƙaru.

Allah shi kiyaye mu da gobara, shi ba iyalanmu lafiya, shi kai mu damana mai albarka. Amin.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci, ƙasar Tibiri, Arewa.